Dokar ɗaura bel a motocin Amurka: kowace jiha da tata. Tambayoyi da amsoshi

Wanda ya koyi tuƙi a Najeriya ya saba da doka guda. Daga Sakkwato har Kalaba jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya ne ke tare wanda bai ɗaura bel ba, kuma tun 2003 suke wannan aiki. Idan ya sauka Amurka sai ya tarar da wani tsari dabam: jihohi 50 da gundumar babban birnin tarayya, kowace da dokarta, da tararta, da irin ikon da ta ba ɗan sanda. Abin da zai sa a tsayar da kai a wannan gari, kana haye gada ka shiga wata jiha sai ya zama ɗan sanda ba shi da hurumin ko ɗaga maka hannu a kansa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sabon zuwa, da ɗalibi, da direban haya, da uwa mai ƙananan yara suka fi buƙatar amsarsu.

Ashe ba gwamnatin tarayya ce ke kafa dokar hanya ba?

An raba aikin gida biyu. Gwamnatin tarayya tana da iko a kan masu ƙera mota, ita ce ta ce daga 1 ga Janairun 1968 duk sabuwar motar fasinja da za a sayar a ƙasar sai an sa mata bel a wuraren zama. Abin da mutum zai yi bayan ya shiga motar kuwa na jiha ne, kamar yadda lasisin tuƙi da lambar mota da iyakar gudu suke hannun jiha. Shi ya sa aka yi shekara 16 da ɗoriya bel yana cikin kowace sabuwar mota, amma babu jihar da ta tilasta wa babba ɗaura shi.

Abin da tarayya ke iyawa shi ne lallashi da kuɗi. Dokar sufuri ta 2005 ta ware tallafi ga jihar da ta tsaurara dokarta, wasu suka karɓa, wasu suka ce a kai kasuwa. Akwai wurare kaɗan da dokar tarayya ke aiki kai tsaye. Direban tirela ko babbar motar kasuwanci dole ya ɗaura a duk jihar da yake. Haka wanda ya shiga gandun shaƙatawa na ƙasa irin su Yellowstone, haka ma'aikacin tarayya da ke bakin aiki, bisa umarnin da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1997.

Yaushe aka fara tilasta ɗaurawa, kuma me ya sa dokokin suka fito a hargitse?

Bel ɗin da muka sani yau, mai ratsa ƙirji ya kuma kama ƙugu, injiniyan kamfanin Volvo Nils Bohlin ne ya fito da shi a 1959. Jihar Victoria ta Ostiraliya ta tilasta ɗaurawa tun 1970. Amurkawa kuwa sun daɗe suna turjiya. A motocin 1974 gwamnati ta gwada wata dabara, mota ba za ta tashi ba sai an ɗaura bel. Mutane suka harzuƙa, suka riƙa tsinke wayar na'urar, majalisar dokokin tarayya ta soke tsarin a cikin shekarar. Zuwa 1983 kashi 14 cikin 100 ne kacal ke ɗaurawa.

New York ce ta fara, dokarta ta soma aiki ranar 1 ga Disamban 1984. Dalilin da ya sa sauran suka biyo baya a guje shi ne ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan tushen bambancin yake. A watan Yulin 1984 sakatariyar sufuri Elizabeth Dole ta fitar da ƙa'ida: kamfanonin mota za su fara sa kariya mai aiki da kanta, wato jakar iska ko bel mai ɗaura kansa, sai fa idan jihohin da ke ɗauke da kashi biyu cikin uku na al'ummar ƙasar sun kafa dokar ɗaura bel mai cika wasu sharuɗɗa kafin Afrilun 1989. Jakar iska tana da tsada a lokacin, kamfanoni ba sa son ta. Sai suka zuba kuɗi suna bin majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya a yi dokar bel. Masu fafutukar kare rayuka suka shiga tsaka mai wuya, suna son dokar amma ba sa son ta zama sanadin rasa jakar iska. 'Yan majalisa su kuma suna tsoron fushin masu zaɓe.

Abin da ya fito daga wannan ja-in-ja dokoki ne masu laushi. Wata jiha ta sa tarar da ba ta kai dala 25 da sharaɗin ya nema ba, wata ta tsaya kan kujerar gaba, wata ta hana ɗan sanda tsayar da mota saboda bel kaɗai. Ba a cika sharaɗin Dole ba, daga baya kuma jakar iska ta zama tilas a ƙananan motoci tun daga ƙirar 1998. Amma da yawa daga cikin dokokin da aka dafa cikin gaggawa a wancan zamani suna nan har yau kusan yadda aka bar su.

Akwai ma inda jama'a suka mayar da hannun agogo baya. A 1986 masu zaɓe a Massachusetts da Nebraska sun kaɗa ƙuri'a suka soke dokar da majalisunsu suka yi. Nebraska ba ta dawo da ita ba sai 1993, Massachusetts sai 1994.

Na ji an ce a wata jiha ɗan sanda ba zai tsayar da kai saboda bel ba. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma wannan ne babban abin da ya raba jihohin. A jihohi 35 da babban birnin tarayya, dokar ta tsayarwa kai tsaye ce: ɗan sanda ya hango ka a gaban mota babu bel, wannan kaɗai ya isa ya kunna maka fitila. A jihohi 14 kuma dokar rakiya ce. Rashin bel laifi ne, amma ba a tsayar da babba dominsa. Sai an kama ka da wani laifin, gudu ko tsallake jar danja ko matacciyar fitila, sannan a haɗa maka da takardar bel.

Jihohin dokar rakiya su ne Arizona, Colorado, Idaho, Massachusetts, Missouri, Montana, Nebraska, Nevada, Ohio, Pennsylvania, South Dakota, Vermont, Virginia da Wyoming. Da 15 ne, North Dakota ta fice daga cikinsu a watan Agustan 2023. Ta 50 ɗin ita ce New Hampshire, tana da tata tambayar a ƙasa.

Kada wannan ya ruɗe ka. Da farko, sassaucin na manya ne, idan ƙaramin yaro ne ba a ɗaure ba kusan ko'ina ana tsayarwa kai tsaye. Na biyu, samun wani laifi a jikin direba ba ya yi wa ɗan sanda wuya. Ka ɗara iyakar gudu da mil biyar, ko ka sauya layi ba sigina, shi ke nan. Kotun ƙolin Amurka ta yanke tun 1996 cewa muddin akwai laifin hanya na gaske, tsayarwar halal ce ko da wani abu ne dabam a zuciyar jami'in.

Wannan bambanci yana taɓa rayukan mutane, ko maganar takarda ce kawai?

Yana taɓawa. Hukumar tarayya mai kula da lafiyar hanya tana ƙirga masu ɗaurawa kowace shekara. A 2019 ta samu kashi 92 cikin 100 a jihohin tsayarwa kai tsaye, kashi 86 a sauran. Tazarar ta ragu daga baya, kuma a ƙasa baki ɗaya ɗaurawa ta kai kusan kashi 92 a 2023. To amma a duba wannan: waɗanda ba sa ɗaurawa ba su kai ɗaya cikin goma ba, duk da haka kusan rabin waɗanda ke mutuwa a cikin ƙananan motoci kowace shekara ba su ɗaure ba lokacin haɗarin. Hukumar ta ƙiyasta cewa bel yana rage haɗarin mutuwar mai zama a gaba da kashi 45 cikin 100 a ƙaramar mota, da kashi 60 a a-kori-kura da makamantanta, kuma a 2017 kaɗai ya ceci rai 14,955. Inda lissafi ya kai haka, kashi biyar ko shida na tazara mutane ne masu iyali.

To me ya hana sauran jihohin tsaurara dokarsu?

Hujja biyu ake kawowa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Ta farko ita ce 'yancin kai, wadda ta fi ƙarfi a jihohin karkara na yamma irin su Montana da Wyoming da Idaho: jikina ne, raina ne, ina ruwan gwamnati? Wannan hujja ba ta gamsar da ni. Wanda bai ɗaure ba yakan faɗa kan na kusa da shi a cikin motar. Direban da karo na farko ya tumɓuke daga kan sitiyari ba zai iya kauce wa na biyu ba. Kuɗin jinyar wanda ya ragargaje kuma yakan koma kan inshora da baitulmali, wato kan kowa.

Ta biyu ta fi nauyi, kuma ta shafi duk mai baƙar fata da ke tuƙi a ƙasar. Duk dokar da ta ƙara wa ɗan sanda dalilin tsayar da mota ta ƙara masa damar zaɓen wanda zai tsayar. Florida ta koma tsayarwa kai tsaye a 2009. A 2016 ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta fitar da rahoto daga alƙaluman jihar na 2014, wanda ya nuna ana ba baƙaƙe takardar tarar bel kusan ninki biyu na yadda ake ba farare. Shi ya sa a wasu majalisu za ka ga 'yan ra'ayin riƙau na karkara da wakilan unguwannin baƙaƙe, waɗanda ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba, sun haɗu wajen ƙin ƙudurin.

Akwai kuma shari'ar Gail Atwater. A 1997 a garin Lago Vista na Texas ɗan sanda ya tsayar da ita tana tuƙi da 'ya'yanta biyu, babu wanda ya ɗaura. Laifin tarar dala 50 ne, amma ya sa mata ankwa ya kai ta ofis aka tsare ta. Ta kai ƙara har kotun ƙoli, a 2001 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu cewa kamun bai saɓa wa kundin tsarin mulki ba. Wannan hukunci yana nan daram.

A ganina tsoron nan na gaske ne, amma maganinsa shi ne a tilasta wa 'yan sanda rubuta wanda suka tsayar da dalilin tsayarwar, a riƙa bayyana alƙaluman ga jama'a, a hukunta mai son kai. Barin dokar bel a raunane bai hana a tsayar da direba baƙar fata saboda sigina ba, kuma baƙaƙen ma suna cikin masu mutuwa a hanya.

Da gaske akwai jihar da babba zai yi tuƙi ba bel kuma bai yi laifi ba?

New Hampshire. Ita kaɗai ce. Wanda bai kai shekara 18 ba dole ya ɗaura, daga 18 zuwa sama zaɓinsa ne. Taken jihar, wanda ke rubuce a lambar kowace mota, shi ne a rayu cikin 'yanci ko a mutu, kuma 'yan majalisarta suna riƙe da shi da gaske. An sha kawo ƙudurin. A 2009 ya tsallake majalisar wakilan jihar ya maƙale a ta dattawa, jihar ta haƙura da tallafin tarayya. Sakamakon a bayyane yake: masu ɗaurawa a New Hampshire ba su wuce kusan uku cikin huɗu ba, tana cikin na ƙarshe a ƙasar, alhali Hawaii da Oregon da Kalifoniya sun haura kashi 95 cikin 100.

Idan na yi tafiya daga jiha zuwa jiha, dokar wace ce a kaina?

Dokar ƙasar da tayar motarka ke takawa. Lambar motarka, da jihar da ta ba ka lasisi, da kasancewar motar ta haya ce, duk ba sa canza komai.

Ɗauki misalin mai tashi daga unguwar Bronx a birnin New York, inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa, ya bi babbar hanya ta 95 zuwa Portland a jihar Maine, tafiyar awa biyar zuwa shida. A New York kowa a motar sai ya ɗaura, gaba da baya, kuma ana tsayarwa kai tsaye. Ya shiga Connecticut, na gaba ana tsayarwa dominsa, babban da ke baya kuwa tun Oktoban 2021 doka ta hau kansa amma ta rakiya ce. Rhode Island, kowa da kowa, kai tsaye. Massachusetts, kowa da kowa, amma rakiya, tarar dala 25. Sai ɗan yankin New Hampshire mai tsawon mil 16, inda babu doka a kan babba. Yana haye gadar da ke kan iyaka ya shiga Maine, kowa da kowa kuma, kai tsaye, dala 50 a karon farko. Jihohi shida a wuni guda, babu direban da zai riƙe wannan a ka yana tuƙi. Abin da ke fid da kai a duka shidan shi ne kowa ya ɗaura tun daga ƙofar gida.

Ni a baya nake zama. Dole ne na ɗaura?

A nan dokokin suka fi sassaɓawa. Florida ta tilasta wa na gaba da duk wanda bai kai 18 ba, babba a baya babu ruwanta da shi. Michigan ma haka, sai dai iyakarta shekara 16. New Jersey da Maryland da North Carolina suna tsayar da mota saboda na gaba, na baya kuma rakiya. New York, duk da ita ta fara, ba ta kai dokarta kan manyan da ke baya ba sai ranar 1 ga Nuwamban 2020, bayan shekara 36. Virginia ta yi nata a Yulin 2025.

Wannan giɓi ya samo asali ne daga tsohon zaton cewa baya wurin tsira ne. Motocin zamani sun inganta kariyar gaba sosai da jakunkunan iska da bel mai tsuke kansa lokacin karo, kujerar baya kuwa ba ta samu irin wannan kulawa ba. Mutumin da ke baya ba ɗauri, idan mota ta tsaya cak, kamar buhun hatsi ne da aka ɗora ba a ɗaure ba: gaba zai yi da duk nauyinsa, kuma abin da ke gabansa shi ne bayan direba. Binciken da wata cibiyar kamfanonin inshora ke kafa hujja da shi ya nuna haɗarin mutuwar direba yana ninkawa kusan biyu idan wanda ke bayansa bai ɗaura ba.

A watan Mayun 2015 masanin lissafi John Nash, wanda ya ci kyautar Nobel, da matarsa Alicia sun rasu a kan babbar hanyar New Jersey. Suna bayan tasi ne daga filin jirgi, motar ta bugi shingen hanya, ta watso su waje. Ba su ɗaura ba. Direban ya rayu.

Nawa ne tarar, kuma wa zai biya?

Daga kuɗin abincin rana zuwa abin da zai girgiza aljihu. Arizona, Idaho, Missouri, Pennsylvania da Wisconsin dala 10 ne. New York har dala 50. A Kalifoniya doka ta ce dala 20 a karon farko, amma idan aka ɗora kuɗaɗen kotu sai ta kai wajen 160, don haka kada adadin da ke rubuce a doka ya yaudare ka. Oregon da jihar Washington sun haura dala 100. Texas tana cin babba dala 25 zuwa 50, amma direban da ya ɗauki wanda bai kai 17 ba babu ɗauri zai biya 100 zuwa 200.

Yawancin jihohi ba sa sa makin laifi a lasisi saboda bel ɗin babba. New Mexico da babban birnin tarayya suna sa maki biyu. New York tana sa uku idan yaro ne ɗan ƙasa da 16 ba a ɗaure ba, maki kuwa yakan bi ka har wurin kamfanin inshora.

Game da mai biya, ƙa'idar da ta fi yawa ita ce babba ya ɗauki laifinsa, direba ya ɗauki na yara. A New York fasinja mai shekara 16 zuwa sama shi ake rubuta wa takarda. A Kalifoniya ana iya rubuta wa direba da fasinjan duka biyu. Kuma sa bel a ƙarƙashin hammata ko jefa shi bayan kujera ba ɗauri ba ne a idon dokokin da suka ce a ɗaura yadda ya kamata.

Gwamnan New Jersey na lokacin, Jon Corzine, ya biya dala 46 a 2007. Yana gaban motar gwamnati ba bel, tana gudun mil 91 a wurin 65, suka yi haɗari. Ya karye a ƙafa da ƙashin ƙirji da haƙarƙari 11, ya yi kwana da kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman. Da ya warke ya fito a talabijin yana roƙon mutane su ɗaura.

Ina da jariri da 'yar shekara shida. Me doka ta ce a kansu?

Uwa, a nan ne ya fi kamata ki nemi dokar jiharki ki karanta da kanki. Dokar yara ta riga ta manya. Tennessee ce ta fara a 1978, bayan naci da wani likitan yara, Dokta Robert Sanders, ya yi wa majalisar jihar, zuwa 1985 kuma duk jihohi 50 sun yi. Amma kowace da ma'auninta.

A Kalifoniya jaririnki zai zauna a kujerar yara mai kallon baya har ya cika shekara 2, sai idan ya kai fam 40, kusan kilo 18, ko tsawon inci 40. 'Yar shekara shidan za ta zauna a baya kan kujerar ƙarin tsayi har ta kai 8 ko tsawonta ya kai santimita 145. Texas ma shekara 8 ko wannan tsawon. A Florida dokar kujera ta ƙare da shekara 5, 'yarki ta fita daga cikinta. South Dakota ta tsaya kan yaron da bai kai shekara 5 da fam 40 ba, ba ta ma ambaci kujerar ƙarin tsayi ba.

Jikin yarinyar bai canza ba don kin ƙaura daga Kalifoniya zuwa Florida. Bel ɗin manya an auna shi da jikin babba. A jikin ƙaramar yarinya na ƙugu yakan hau ciki, na kafaɗa ya ratsa wuya, idan an yi karo shi kansa sai ya ji mata rauni a hanji ko ƙashin baya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar jariri ya ci gaba da kallon baya har iyakar abin da kujerarsa za ta ɗauka, yaro kuma ya zauna a baya har shekara 13. Ki bi wannan ko da dokar jiharki ta fi shi sauƙi.

Abin da muka saba a gida na rungume jariri a cinya, ko kaka ta ce a miƙo mata shi don yana kuka, a bar shi. Babu hannun da ke riƙe yaro lokacin karo, komai ƙarfin soyayyar mai hannun. Idan kuka ya yi yawa a tsaya a gefen hanya a rarrashe shi. A lokacin sanyi kuma a cire masa rigar nan mai kauri kafin a ɗaure shi, a lulluɓa masa bargo daga sama, domin kaurin rigar yana barin maɗaurin sako-sako. Garuruwa da yawa suna da wuraren da ake duba wa iyaye ɗaurin kujerar yara kyauta, galibi a ofishin 'yan kwana-kwana ko asibiti.

Ina tuƙin Uber ko tasi. Akwai abin da ya bambanta?

Akwai. Wasu jihohi sun daɗe da ware tasi daga dokar. Kalifoniya ta ɗauke wa direban tasi ɗaurawa idan yana ɗauke da fasinja a titin cikin gari. New York ta toshe irin wannan ƙofa a hankali, ta fara da gaban tasi a 2017. Sassaucin da aka yi wa tasi kuma ba lallai ya shafi motarka ta kanka da kake aikin manhaja da ita ba. Ƙa'idojin Uber sun nemi kowa ya ɗaura, kuma mai tafiya da ƙaramin yaro shi zai zo da kujerarsa. Idan fasinja ya zo da jariri a hannu ba kujera, ka ba shi haƙuri ka soke tafiyar. Takarda da maki a kanka za su hau, lasisin kuma shi ne abincinka.

Wa aka ɗauke wa dokar?

Kusan ko'ina ana ɗauke wa mai takardar likita, da masu raba wasiƙu a karkara, da tsofaffin motocin da aka ƙera kafin bel ya zama dole. Georgia ta daɗe tana ware manyan da ke cikin a-kori-kura saboda manoma, sai a 2010 ta soke. Hawa bayan a-kori-kura kuma dokarsa dabam ce, wasu jihohi sun hana yara, wasu ba su ce komai ba. Mai juna biyu, likitoci sun ce ta ɗaura: na ƙasa ya kwanta kan ƙashin ƙugu a ƙarƙashin ciki, na sama ya ratsa tsakiyar ƙirji.

Me ya sa bas ɗin makarantar ɗana ba shi da bel?

Tarayya ta tilasta bel a ƙananan bas-bas na makaranta ne kawai. Manyan an dogara da tsarin kujerunsu, masu dogon baya mai laushi, jere kusa da juna. Tsarin yana aiki a karon gaba da na baya, ba ya aiki sosai idan bas ya kife ko an buge shi a gefe. 'Yan jihohi ne suka ƙara da dokar kansu. New York ta fara a 1987, New Jersey a 1992, sannan irin su Florida, Kalifoniya, Nevada da Iowa. A Louisiana da Arkansas an rataya abin a kan samun kuɗi ko amincewar hukumar makarantun yanki. Manyan bas-bas na tafiya tsakanin birane kuwa, sababbi tun Nuwamban 2016 suna zuwa da bel, kuma a Kalifoniya dole fasinja ya ɗaura idan akwai.

Wani ya buge ni, laifinsa ne, amma ban ɗaura ba. Zan samu diyya?

Wannan ne ɓangaren da mutane ba su sani ba, kuma kuɗin da ke cikinsa ya ninka kuɗin tarar bel sau dubbai. A wasu jihohi lauyan wanda ya buge ka zai iya cewa: haɗarin laifin wanda nake karewa ne, amma da ya ɗaura da raunin bai kai haka ba, a rage diyya. New York ta amince da wannan hujja tun 1974. Kotun ƙolin Texas ta buɗe mata ƙofa a 2015 bayan shekaru 40 tana rufe. Wasu jihohi sun yarda amma sun sa iyaka: Missouri kashi 1 cikin 100 na diyyar, Michigan kashi 5, Wisconsin kashi 15. A wasu kuma ba a ma yarda a ambaci batun bel a gaban kotu ba. Rauni iri ɗaya, laifi iri ɗaya, amma abin da za a ba ka ya danganta da wurin da aka yi haɗarin. A 'yan shekarun nan jihohi suna ƙara karkata ga barin a kawo hujjar, don haka wanda abin ya same shi ya nemi lauyan jihar da haɗarin ya faru.

An tsayar da ni. Me zan yi?

Ka sa sigina ka tsaya a gefen dama inda babu haɗari. Ka zauna cikin motar, hannuwanka kan sitiyari. Fitowa don a gaisa da jami'i, wanda a gida ladabi ne, a can ana iya ɗaukarsa barazana. Idan kana ɗaure kada ka kwance don laluben takardu kafin ya iso ya gan ka, ka jira ya nema, ka faɗa masa inda suke sannan ka miƙa hannu. Kada ka kuskura ka yi tayin kuɗi, wannan babban laifi ne da ke kai mutum kurkuku, ga baƙo kuma yana iya taɓa takardun zamansa.

A jihohi da yawa sa hannu a takardar ba amsa laifi ba ne, alƙawari ne cewa za ka biya ko ka je kotu. Akwai ranar ƙarshe a jikinta. Kafin ranar ka biya ta intanet ko ta wasiƙa, ko ka nemi a saurare ka idan kana ganin an zalunce ka. Takardar wata jiha ba ta mutuwa don ka koma gida, yawancin jihohi suna musayar bayanan direbobi, kuma tarar da aka yi watsi da ita takan haifi ƙarin kuɗi, a wasu wuraren har da dakatar da lasisi ko sammacin kama. Ka ƙara kula a ƙarshen watan Mayu, lokacin da 'yan sandan ƙasar baki ɗaya ke gangamin Click It or Ticket, wato ka ɗaura ko a ci tararka, wanda North Carolina ta fara a 1993. A makonnin nan ana ƙara sintiri, har da dare.